Daɓen Tasalla

A duk unguwarsu a Kazaure, kai har ƙauyukan bayan dutse ta wajen Roni, in ana maganar daɓe sunan Tasalla ake fara kira. Shekara talatin da wani abu tana wannan aiki. Ita ke zaɓen marmara, ita ke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ita ke tsayawa a kan mata da madaɓansu tana cewa nan bai ji ba, a ƙara masa. Ɗakin da ta daɓe, in ka zuba ruwa a ƙuryarsa ka koma bakin ƙofa ka tsaya, ruwan zai biyo ka ya same ka, ko ɗigo ba ya kwana a ciki. Wannan ɗan gangare da ido ba ya gani shi ne abin alfaharinta, kuma ba ta taɓa auna shi da wani abu ba sai tafin ƙafarta.

Abu ɗaya ne Tasalla ba ta iya ba, shi ne magana da ɗanta na fari. Lauwali kafinta ne, ya ba talatin baya, yana da mata da 'ya'ya uku, gida ɗaya suke kwana suke tashi da uwarsa, amma tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka aka tarar ana yi, ɗan fari kunyarsa ake ji. In za ta ambace shi sai ta ce “mai katakon nan”. In saƙo ne sai ta kira matarsa Saude ta ce, “Gaya wa mijinki,” ko da kuwa mijin yana tsugune a gabanta yana gaishe ta. Shi kuma ya ba Saude amsa, Saude ta maimaita abin da kowa ya riga ya ji da kunnensa. Baƙo ya gani ya yi ta dariya, su kuwa ko a jikinsu.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara zuba, Kano ta riƙa tsintar samarin garin ɗaya bayan ɗaya. Ƙannen Lauwali biyu duk sun tafi, ɗaya yana aikin gini, ɗaya ya zarce masaƙa a Kaduna, sai da salla ake ganinsu. Lauwali kaɗai ya rage a gidan mahaifinsa marigayi. Shi ma ba a bar shi ya huta ba, domin abokinsa Halliru, direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Daura, bai taɓa tsayawa shan ruwa a gidan ba sai ya yi masa tallar birni. Yana da wata rumfa a can, ƙasanta siminti, rufinta kwano, ya ce ba kowa a ciki sai ɓeraye. Tasalla takan ji su daga cikin gida tana tankaɗe, sai ta riƙa buga rariya da ƙarfi kamar rariyar ce ta yi mata laifi.

Sai ga maganar makarantu. Gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka shiga gina azuzuwa daga Babura har Gwiwa, kuma kowane aji yana son benci. Hannun Lauwali da zarton hannu suka gaza. Nan ne ya fara maganar wani inji da ya gani a kantin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Kano. Sau uku yana zuwa kallonsa. A zuwa na uku ya tafi da guntun kirya a aljihu, itacen da ke cinye haƙoran zarto, ya miƙa wa mai kanti ya ce a gwada masa. Inji ya ratsa kirya kamar ana yanka sabulu. Lauwali ya dawo gida bai iya cin tuwo ba don zumuɗi, washegari ya kai bijiminsa kasuwa.

Tasalla ta yi murna da wannan ciniki, ko da yake ba wanda ya ga haƙorinta. A ganinta, mutumin da ya kafa ƙarfe mai nauyin raƙumi a gidan ubansa ya zauna ke nan.

Sai dai mai kanti ya kafa sharaɗi: a ɗora injin a kan siminti, a ɗaure ƙafafunsa da noti. Siminti kuwa a shekarar nan sai labari. Ana cewa jiragen ruwa sun yi layi da shi a Ikko ba wurin saukewa, wanda ya samu ya iso Arewa kuma manyan gine-gine sun lamushe. Lauwali ya yi yawon duniya bai samu ko buhu ɗaya ba. Wata safiya ya zo gaisuwa fuska ba walwala, Tasalla ta dubi Saude ta ce:

“Gaya wa mijinki, tun kafin a san siminti mutane a kan ƙasa suke kwana. Ya kwashe tarkacensa daga shagon nan, ya samo jakuna su kawo mini marmara daga gindin dutse. Ja nake so, ba mai yashi ba.”

Saude ta juya ta ce, “Inna ta ce ka kwashe...”

“Na ji,” in ji Lauwali. “Ki ce mata Allah ya ƙara girma.”

Shagon yana tsakanin zaure da cikin gida, ƙofarsa ta buɗe a filin ƙofar gida. Aka saki tabarma a bakin zaure don kada namiji ya leƙo, mata goma sha biyu suka ɗaura ɗamara. Kwana uku ana yayyafa makuba ana duka, ana waƙa ana guɗa, har tattabarun maƙwabta suka ƙaurace wa unguwar. Tasalla ba ta taɓa zuba wa wani ɗaki irin wannan ƙoƙari ba, ko ɗakin amaryar hakimi da ta yi shekarun baya. Da daɓen ya bushe ya yi baƙi yana ƙyalli, in ka ƙwanƙwasa shi da zobe sai ya amsa. Ta bi shi da tafin ƙafa daga ƙurya zuwa ƙofa, ta ji gangaren nan nata yana nan daidai, ta fita abinta.

Ranar da Halliru ya kawo injin, rabin unguwa ta fito. Ƙarti takwas ne suka sauko da shi a kan itatuwa suna nishi suna kiran sunan Allah. Kore ne, ya fi Lauwali tsawo, yana da wili biyu kamar na keke, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da tebur na ƙarfe a tsakiya. Zarton kansa ba irin wanda aka sani ba ne. Siririn ƙarfe ne mai haƙora, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, an naɗe shi kamar gammo. Da Lauwali ya kwance igiyar da aka ɗaure shi sai ya warware da kansa, fau, ya yi tsalle tsakar shago. Ƙarti takwas suka nemi ƙofa a lokaci ɗaya, ɗayansu ya bar takalminsa.

Yini guda Lauwali ya yi yana ɗora zarton a kan wili, yana ɗaure shi yana sassautawa, yana juya wilin sama da hannu don ya ga ko zai zauna a tsakiya. Maganar noti kuwa bai ko tayar da ita ba, don ba a huda daɓe a kafa ƙarfe, fashewa zai yi. Ya dai ajiye injin a tsakiyar shago, ya ce nauyinsa ya isa ya riƙe shi. Bayan la'asar ya sa waya a bango, ya yi bisimilla, ya danna makunni.

Inji ya ɗauki kuka. Lauwali ya tura katako, katako ya rabu biyu sumul, maza suka yi kabbara, mata a cikin gida suka rangaɗa guɗa. Tasalla tana tsaye a bayan zana tana leƙe ta wata 'yar kafa, kusa da ita ga Rahamatu, taubashiyarta, wadda tun suna 'yan mata ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Rahamatu ce ta fara lura. “Ke Tasalla, ko idona ne? Abin nan tafiya yake.”

“Idonki ne. Tun bara nake ce miki ki je a duba shi.”

Ba idonta ba ne. Injin yana karkarwa yana ja da ƙafa a hankali, ɗan yatsa ɗan yatsa, ya nufi ƙofa. Lauwali yana bin sa da katako a hannu kamar mai ba akuya dusa tana gudu. Can waya ta miƙe, ta ƙare, ta fizge kanta daga bango, inji ya yi shiru a bakin ƙofa. Sai dariya ta ɓarke.

“To ai shi ke nan,” in ji Rahamatu tana share hawaye. “Ɗan birni ne, ya ga garinmu bai yi masa ba. Ku ba shi kuɗin mota.”

Aka mai da shi tsakiya, aka sake kunnawa, ya sake kama hanya. Kafin magariba sau huɗu yana zuwa ƙofa. Washegari labari ya gama gari. Wasu suka ce Kwara ya yi wa Lauwali wayo, ya sayar masa da gurgun inji. Wasu suka ce hannu aka sa masa, a nemo rubutu a yayyafa. Wani tsoho ya ba da shawara a yi masa dabaibayi kamar jaki, kuma Lauwali don rashin abin yi ya gwada, ya ɗaure shi da igiya a jikin azara. Igiya ta riƙe kansa, ƙafafu suka ci gaba da tafiya, inji ya karkace, zarto ya zame daga kan wili ya kusa tafiya da yatsan mai shi. Daga ranar ba a sake maganar igiya ba.

Sati guda ana wannan fama, katako ya taru, makarantu suna aiko da tambaya. Halliru ya tsaya a hanyarsa ta Daura, ya zagaya injin sau biyu hannu a baya, ya ce:

“Mutumina, ka daina wahalar da kanka. Mai kanti ya gaya maka siminti. Simintin nan yana kwance a rumfata yana jiranka. Nan da sati biyu zan dawo ba kaya, mu ɗora shi, ka bi shi. In ka zauna da gindinka ka aiko a ɗauki Saude da yara.”

Lauwali ya ce, “To, Allah ya kai mu.”

Saude ce ta kawo wa Tasalla labarin, tana magana tana kallon ƙasa. Tasalla tana tsinke zogale, ba ta ɗaga kai ba, ta ce, “Allah ya sa alheri.” Iyakar abin da ya halatta ta faɗa ke nan. Amma zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Tsoro ta ji, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta, domin a ranar ta san akwai wanda zai riƙa tsugunawa a bakin ƙofarta kowace safiya. Ga shi kuma ba ta da bakin da za ta ce kada ka tafi. Da autanta ne, da ta kama rigarsa ta yi ta kuka har ya fasa. Wannan kuwa ko sunansa ba ta iya kira.

Kwana biyu bayan haka Lauwali ya hau kekensa da sassafe ya tafi Roni ba wa wani hedimasta haƙuri. Da hantsi Tasalla ta ɗauki tsintsiya ta ce za ta share shago, abin da ba ta taɓa yi ba. Gaskiyar magana, so take ta ga abokin gabarta ido da ido. Ta same shi tsaye a bakin ƙofa inda ya kai kansa jiya, ta harare shi sama da ƙasa, ta ce, “Kai dai ba ka da mutunci.” Sa'an nan ta kama shara.

A ƙarƙashin tarin garin katako, can bayan akwatin kayan aiki, tsintsiya ta tono wasu guntayen itace. Ta ɗauki ɗaya ta duba. An fere shi da kyau, baki siriri, gindi mai kauri. Sun fi goma, duk iri ɗaya, kuma kowanne yana da shaidar inda ƙarfe ya danne shi ya murje. Ta dubi ƙafafun injin guda huɗu. Ta dubi guntun itacen. Ba sai an gaya mata ba, ai ita ma in tukunya ta karkace a kan murhu ɗan dutse take cusa mata ta gefen da ya yi ƙasa.

Ta fita ta ɗauko buta, ta je ƙuryar shago ta tsiyaya ruwa. Ruwan ya yi ɗan jim, sa'an nan ya miƙe, ya bi sawun da ƙafafun injin suka karce a kan daɓe, bai kauce ko kaɗan ba, har ya je ya taru a gindinsa a bakin ƙofa. Hanya ɗaya suke bi, shi da injin. Ita ce ta shimfiɗa musu ita da tafin ƙafarta.

Tasalla ta zauna a kan akwatin. Kwara bai cuci kowa ba, ba kuma wanda ya sa hannu. Daɓenta ne, mafi kyau da ta taɓa yi, yake tura mata ɗa zuwa Kano.

“Saude!”

Saude ta shigo, ta ga ruwa a ƙasa, ta ga guntun itace a hannun surukarta, sai ta durƙusa tun ba a tambaye ta ba.

“Tun yaushe mijinki ya sani?”

“Tun ranar farko, Inna. Kullum sai ya cusa masa waɗannan, in ya ɗauki karkarwa sai ya tofar da su. Da ya ji motsinki sai ya ɓoye.”

“Shi ba shi da baki ne?”

“Na ce ya bari in gaya miki, ya hana ni. Ya ce shekara talatin ba wanda ya taɓa cewa daɓenki yana da aibu, ba a bakinsa za a fara ji ba. Ya ce kuma ba zai sa gatari a aikin da kika yi masa da hannunki ba, gara ya kai injin inda zai zauna.”

Tasalla ta juya fuska wajen bango. Daɗi ya kama ta, haushi ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara ji. Wato don kada ya ɓata mata rai da kalma ɗaya, ya zaɓi ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya bar ta da kyakkyawan daɓe a gida ba kowa. Wannan irin hankali, in ji ta a ranta, wurin ubansa ya gado shi.

Ta share ido da bakin zane ta ce, “Tashi ki aika a kira mini Rahamatu. A ce ta zo da mata, kowa da fartanyarta. Ba madaɓi na ce ba, fartanya.”

Kafin azahar mata sun cika ƙofar gida. Da suka ji abin da ake so su yi sai suka tsaya cirko-cirko. Rahamatu ta riƙe haɓa.

“Tasalla, lafiyarki kuwa? Daɓen da muka kusa karya ƙugu a kansa? Ni har baƙi na kawo daga Yankwashi suka gani.”

“Shi fa. Gangare gare shi.”

“To da me zai kasance gare shi? Wa ya taɓa yin ɗaki ba gangare?”

“Ɗakin mutane ke nan. Wannan ɗakin ƙarfe ne, ba ya wanka, ba ya alwala, ba ya fitsarin kwance. Ni ce ban yi tunani ba.”

Mata suka dubi juna. Ba wadda ta taɓa jin Tasalla ta ce ni ce ban yi ba, a kan komai. Ba kuma wadda ta yarda ta fara sara, don haka ita ta karɓi fartanya ta shiga tsakiyar shago. Injin dai ya riga ya yi musu alheri ɗaya, ya matsar da kansa bakin ƙofa ya bar musu fili. Ta ɗaga ta sara. Fartanya ta yi tsalle ta dawo, daɓe ko gezau.

“Kin gani ko,” in ji Rahamatu. “Wata muguwa ce ta yi shi.”

Dariya ta kece, Tasalla ma sai da ta dara. Aka aiko da diga daga maƙwabta, aka jiƙa wurin da ruwa, aka shiga fasa.

Da la'asar Lauwali ya jingine kekensa a zaure, ya ɗaga tabarma, ya ga abin da ya sa hularsa ta kusa faɗuwa. Shagonsa ya koma gona. Mata sun yi buɗu-buɗu, uwarsa tana tsaye cikin rami har ƙauri. Ya tsuguna nan bakin ƙofa kusa da injinsa, baki buɗe.

Tasalla ba ta dube shi ba. Ta ce, “Saude, gaya wa mijinki ya rufe baki kada ƙuda ya shiga. Ya samo mini kirya guda biyu masu kauri, tsawon kamu shida shida. Ya huda su daidai ƙafafun abin nan, ya zo da notinsa da ake ta yi mana kuka a kai. Tunda daɓe ba ya riƙe ƙarfe, ai itace yana riƙewa, ƙasa kuma ta riƙe itace. Haka ake kafa dutsen niƙa, ban ga abin da wannan ya fi dutsen niƙa ba sai surutu.”

Saude ta buɗe baki za ta maimaita, Lauwali ya riga ya miƙe.

Washegari aka kwantar da kiryoyin a rami. A nan ne Tasalla ta yi abin da ya fi fasa daɓen yi mata wuya: ta ƙi yarda da ƙafarta. Ta san ƙafar nan ko an yi mata rantsuwa sai ta karkata wajen ƙofa. Ta sa aka ɗauko babban farantin Saude na aure, aka zuba ruwa har kusa da baki, aka gicciya katako a kan itatuwan aka ɗora shi. Inda ruwa ya karkata a tona ko a cika, a sake dubawa. Tun hantsi ake yi har rana ta take, sai da ruwan ya kwanta daidai da zanen bakin farantin ta kowane gefe. Aka kira ƙarti suka turo injin, aka ɗora, Lauwali ya ɗaure noti huɗu har jijiyar wuyansa ta fito. Aka sake ɗora faranti a kan teburin injin, ruwa bai motsa ba.

Maza suka fita, mata suka fara zuba marmara. Lauwali ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya juyo, ya tsuguna, kuma a karo na farko bai nemi Saude ba.

“Inna,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “In aka daɓe a kan itatuwan nan, notin yana ƙasa. Injin nan ba zai ƙara fita daga ɗakin nan ba, sai dai in rushe shi za a yi.”

Madaɓai suka tsaya. Tasalla tana duban bango, inda wata 'yar tsaga ta bi ta sauka. Ita ma ba ta nemi Saude ba.

“Da ma wa ya ce ya fita?”

Lauwali ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ba kowa, Inna.” Ya tashi ya fita da sauri yana gyara hular da ba ta karkace ba. Rahamatu ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta dubi fuskar taubashiyarta, ta fasa, ta rangaɗa guɗa a maimako. Madaɓai goma sha biyu suka sauka tare.

Ranar da Halliru ya dawo da motarsa ba kaya, tun daga bakin titi ya jiyo kukan inji. Ya shiga ya tarar da benci shida a jere, na bakwai yana kan tebur, ga farantin ruwa an ajiye a gefe don masu zuwa kallo, ruwan yana ɗan rawa amma bai zube ba. Ya sa kafaɗa ya tura injin. Ya tsuguna ya leƙa ƙafafun, ya ga sun nutse cikin baƙin daɓe kamar a nan suka tsiro.

“To yanzu ta ina za a ciro shi?”

“Ba a cirowa,” in ji Lauwali. “Zauna a kawo maka fura. In za ka wuce Babura ka tafi mini da benci shida, kada motar ta tafi haka nan.”

Da yamma, bayan an tashi daga aiki, Lauwali ya ɗauki ragowar kiryar nan, ya zana mata layi da fensir, ya bi layin da zarto yana juya itacen a hankali, irin lanƙwasar da zarton hannu ba ya iyawa. Ya goge, ya shafa man gyaɗa, ya ba Saude ta kai cikin gida. Madaɓi ne, cikinsa shimfiɗe, mariƙinsa ya lanƙwasa daidai hannu.

Tasalla ta karɓa ta jujjuya shi. Ta auna nauyinsa, ta buga shi sau biyu a ƙasa. Rahamatu, da ta zo karɓar tsaki ta zauna hira, ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gani, aka ƙi.

“Gaya wa mijinki mariƙin ya yi kauri,” in ji Tasalla. “Ko ya ɗauka hannun ƙato gare ni?”

“In mayar masa ya rage?”

“Wa ya ce ki mayar?”

Ta shiga ɗaki da shi. Madaɓanta guda huɗu suna jingine a bayan ƙofa inda suka saba zama, ta wuce su. Ta sauke jeren kwanoninta na bango, ta buɗe na can ƙasa, babban, wanda take ajiye zanen da ta goya ɗanta na fari da shi, ta kwantar da madaɓin a kai. Daga ƙofar gida ta ji ya sake kunna injin, wai zai ƙarasa benci na bakwai kafin magariba. Ta tsaya da murfin kwano a hannu tana saurare, kukan yana fitowa daga wuri ɗaya, bai matsa ba.